Babi na Huɗu: Na'urar Gwada Iskar Rami

Darasi na 1

'Yan'uwa mahaƙa, sannunku da ƙoƙari. Wanda ya iso wannan babi ya riga ya san lambobi daga 0 zuwa 9, kuma su kaɗai muke bukata yau.

A da, masu haƙar kwal a Ingila da tsuntsun kanari suke shiga rami. In ya faɗi a keji, sai kowa ya gudu waje. Sai a 1986 aka daina, na'ura ta karɓi aikin. Girmanta bai wuce wayar hannu ba, ana maƙala ta a gaban riga. Tana jin muguwar iskar da hanci ba ya ji, kamar wadda janareta da injin jan ruwa ke fitarwa. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri, ya zauna ya huta, shi ke nan.

Darasi na 2: Kunnawa da karantawa

Ɗauki na'urar. Yi nesa da bakin rami, yi nesa da janareta, ka tsaya inda iska ke kaɗawa. A nan za ka kunna. Danna maɓalli ka riƙe har ta yi ƙara, sannan ka jira lambobi su daina motsi. Dalili kuwa, da yawa daga cikin na'urorin nan iskar da suka fara shaƙa ita suke ɗauka a matsayin mai kyau. In ka kunna ta cikin hayaƙi, ka koya mata ƙarya.

Yanzu nemi inda aka rubuta O2. Wannan ita ce iskar da muke rayuwa da ita. A ƙarƙashinta za ka ga 20.9. Karanta da ƙarfi: ashirin, ɗigo, tara. Sake. Biyu, sifili, ɗigo, tara. Ɗigon nan ƙarami ne, amma sa yatsa a kansa ka gan shi. Rubuta 20.9 a littafinka har layi ya cika. Madalla. In hannu ya yi rawa ba komai, kowa da haka ya fara.

Inda aka rubuta CO kuma, wato muguwar iskar nan ta janareta, 0 ya kamata ka gani.

Ka lura kada ka riƙe na'urar a juye, don 9 za ta koma 6. Maƙalin yana baya, rubutun yana fuskantarka. To me za ka gani a waje? 20.9. A ina za ka kunna? A waje, nesa da hayaƙi.

Sai ka ɗaura mata igiya ka zura a rami a hankali, kana tsayawa kaɗan-kaɗan, har ta kai ƙasa. Bar ta can kamar minti 2, kunnenka na saurare. In lambar O2 ta sauka zuwa 19.5 na'urar za ta yi kuka. Sha tara, ɗigo, biyar. Daga wannan lamba zuwa ƙasa babu mai shiga. Rubuta 19.5 kusa da 20.9, ka dube su. 20.9 da 2 ta fara, 19.5 kuma da 1.

Na faɗa a aji, zan sake faɗa. Wasunku sai sun kai ƙasan rami sannan su tuna da kunnawa. Wasu kuma in ta yi kuka sai su kashe ta, wai tana damun su da ƙara, wai dutsen ya fara nuna alama. Haba jama'a! Magidanci mai iyali ne zai yi wannan? Kuɗi kuka haɗa kuka saya. A waje ake kunnawa, a ga 20.9, kafin ƙafar kowa ta taɓa igiya. Kuma in wani ya faɗi a ciki, kada ka bi shi da gudu, iskar da ta kayar da shi tana nan. A fara tura iska.

Darasi na 3: Fanka da tiyo

Janareta a waje, nesa da bakin rami. Fanka ta tura iska ta dogon tiyo har ƙasa. Bayan an hura, a sake zura na'ura. Ramin da ke da iska an fi daɗewa ana aiki a cikinsa. A mahaƙar zinariya ta Syama a Mali, an taɓa sa motocin da ba direba su kwaso dutse daga ƙarƙashin ƙasa, ana sarrafa su da kwamfuta. Mu dai fanka muka samu, mu riƙe ta.

Darasi na 4: Ƙura

A jiƙa dutse kafin a niƙa. Kada a kai shi gida. Ƙurar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Darasi na 5: Fitilar goshi

A yi mata caji da dare. A yi wa na'urar ma caji.

Aiki: Rubuta lambar da za ka gani a waje. Rubuta lambar da ke hana shiga.