Wuƙar balisong a Amurka: kowace jiha da dokarta

Ɗan'uwa, ba za ka daɗe a Amurka ba za ka ga samari a TikTok suna juya wata wuƙa mai ƙota biyu da ke buɗewa kamar fikafikan malam-buɗe-littafi. Sunanta balisong, asalinta lardin Batangas ne na ƙasar Filifin. Wataƙila ma yaronka ya ce ka saya masa. Dakata tukuna.

A gida, babu mai tambayar mahauci ko makiyayi dalilin riƙe wuƙa. A nan kuwa, abin da ya halatta a wata jiha yana iya kai ka gaban alƙali a wata.

Ɗauki Kalifoniya. Idan tsawon ƙarfen balisong ya kai inci 2, ajiye ta a gida ba laifi ba ne, amma sa ta a aljihu, ko barin ta a mota wajen zaman direba da fasinja, ko sayar da ita, laifi ne da ke iya jawo ɗaurin wata 6. A nan mutane suka fi faɗawa, don suna ɗauka tunda mallaka ta halatta, fita da ita ma ta halatta. Hawayi ta haramta ta tun 1999, sai a 2024 ta janye haramcin.

Tekzas ta fi sassauci, sai dai tun 2017 duk wuƙar da ta wuce inci 5 da rabi ba a shiga da ita makaranta ko asibiti.  'Yan'uwanmu na Buronks kuma su sani, dokar birnin Niyok ta hana yawo da wuƙar da ta kai inci 4, ta kuma hana rataya ta yadda za a gani.

Kada ka yi odar balisong daga wata ƙasa, jami'an kwastan na iya ƙwace ta. Abin da ya fi damuna shi ne takardu: ranar da ka je neman katin zama ko shaidar zama ɗan ƙasa, za a tambaye ka ko an taɓa kama ka, ko da an kori ƙarar daga baya.

Idan yaro ya nace, akwai ta koyo marar kaifi. Ita ma kada ya kuskura ya kai ta makaranta.