Yadda Ake Gyara Ƙoƙon Kan Naman Daji Ya Yi Fari Har A Rataye Shi A Ɗaki

A zauren kawuna a nan Garwa, arewacin Kamaru, akwai ƙoƙon kan mazo rataye a saman ƙofa, tun ban yi wayo ba nake ganinsa. Ƙashin fari tas, ƙahonin nan biyu murɗaɗɗu suna sheƙi, ba wari, ba ƙwaro. Da na girma na samu kan gada a hannun wani maharbi, sai na ce bari in yi irin na Kawu. Na dafa shi har ya yi luguf, na tsoma shi cikin javel, wato ruwan bilic da ake farar da tufafi da shi, ya kwana. Da safe ya fito fari fat. Ba a yi wata uku ba ya soma zubar da gari kamar alli, ƙashin hanci ya ɓare, goshi ya tsage. Na kai wa Kawu, ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Ɗana, wuta da javel ne suka cinye shi. Ƙashi ba ya son gaggawa. Zauna in nuna maka."

Abin da ya nuna mini ran nan, da abin da na ƙaro daga baya, su zan zayyana. Jigon aikin ɗaya ne: farin ƙashi daga fitar maiƙo yake zuwa. Maganin fari ƙarashe ne kawai.

Kafin ka ɗauki wuƙa

Ka san kan me ke hannunka. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta kasa namun daji aji uku, A da B da C, kuma sabuwar dokar da ta gaje ta a 2024 ta ƙara tsananta hukunci. 'Yan aji na A, irin su raƙumin dawa da damisa, ba a taɓa su sam. Na B sai da takardar izinin farauta. Wanda aka samu da wani sashe na dabbar da aka hana, ko ƙashi ne ko fata, ana ɗaukarsa kamar shi ya kashe ta. Mu da ke zaune kusa da gandun Binuwai da Faro da Buba Njidda mun san ma'aikatan gandun daji ba sa wasa da wannan a kan hanya. Idan kana shakka, je ofishinsu ka tambaya, kuma in akwai takarda ka adana ta tare da kan.

Kada ka tsinci kan mushe a daji. Dabbar da ta faɗi haka kawai tana iya zama cutar saifa ce ta kashe ta, ƙwayar wannan cuta kuwa tana shekaru a ƙasa da jikin gawa ba ta mutu ba. Ga kuma batun tsarki: a mazhabarmu ta Malikiyya ƙashin mushe da ƙahonsa najasa ne, bai kamata ya shiga ɗakin da ake salla ba. Nemi na dabbar da aka yanka.

In ba ka taɓa yi ba, fara da kan rago ko bunsuru. Sai dai ka faɗa wa mahauci tun da wuri kada ya babbaka shi, kada kuma ya sa masa gatari. Kan da ya ga wutar babbaka ya tashi daga aiki, don ƙonewar ƙaho da ta ƙashin hanci ba ta gyaruwa.

Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar wuƙa mai kaifi, bokitin roba mai murfi, safar hannu ta roba, waya mai ɗan kauri, tsohon buroshin goge baki, rariya, sabulun ruwa na wanke kwanoni, gam fari irin na kafintoci, da ruwan oksijene, wato ruwan wanke ciwon nan mai kumfa, daga farmasi.

Mataki na ɗaya: fiɗa

Yi shi ranar da aka yanka dabbar, ko washegari. Feɗe fatar kan gaba ɗaya, ka zagaye gindin ƙaho da bakin wuƙa a hankali. Cire idanu da harshe, ka yanke tsokar kumatu, ka raba muƙamuƙin ƙasa da na sama. Wuƙa ta riƙa kwanciya a jikin ƙashi, kada ta sare shi, domin kowane zane zai fito fili bayan ya yi fari.

Saura ƙwaƙwalwa, wadda ita ce ta fi kome kitse a cikin kan. A ƙeya akwai rami inda lakar baya ke shiga. Lanƙwasa bakin waya kamar ƙugiya, ka zura ta nan, ka dama sosai, ka zuba ruwa, ka girgiza, ka tsiyaye. Maimaita har ruwan ya riƙa fitowa garau. Daga nan ka jiƙa kan a ruwan sanyi ya kwana, jini ya fita. Jinin da ya bushe a cikin ƙashi yakan bar tabo ruwan ƙasa.

Mataki na biyu: a bar ruwa ya ci naman

Nan ne mutane ke kuskure, don kowa tukunya yake fara tunawa. Tafasa tana narkar da kitse ta tura shi can cikin ƙofofin ƙashi, tana sassauta mahaɗan ƙoƙon kai, tana fasa haƙora. A cikin hancin dabba akwai wasu ƙasusuwa sirara, nannaɗe kamar takarda. Leƙa hancin kan da aka gyara da kyau za ka gan su kamar saƙa, su ne ma adon abin a wurina. Tafasa ɗaya takan kwashe su.

Hanyar Kawu ita ce jiƙo. A sa kan a bokiti, a cika ruwa har ya shanye ƙashin, a rufe, a ajiye a rana. Ƙwayoyin da ke ruɓar da nama su za su yi aikin, kuma ɗumi suke so, kwatankwacin ɗumin jikin mutum. Allah ya hore mana wannan kyauta a Garwa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙaramin kai irin na gada yakan saki namansa cikin kwana bakwai zuwa goma. Da hunturu, dare na sanyi, yana iya kai mako uku ko fiye.

Zai yi ɗoyi, ba na ɓoye maka. Kai bokitin can bayan gida ko gona, nesa da rijiya da madafa da hancin maƙwabta, ka ɗora dutse a kan murfin saboda karnuka. Duk bayan kwana uku ka zubar da rabin ruwan ka ƙara sabo. Rabi na ce, don in ka zubar duka ka kori masu yi maka aikin, sai an sake daga farko. Kada ka sa sabulu ko omo a wannan mataki, kashe su yake yi.

Kuma duk ruwan da za ka zubar, ta cikin rariya. Dasashi na ruɓewa haƙora za su zube, ƙananan na gaba kuwa ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Tara su a gwangwani. Gada da mazo da rago ba su da haƙoran gaba a sama, don haka kada ka wahalar da kanka kana neman abin da babu.

Wanda ba shi da wurin da zai jure wari, yana iya ɗora tukunya bisa garwashi kaɗan, ruwa ya yi zafi yana tururi amma bai kai ga tafasa ba. A jefa ɗan gutsuren kanwa, tana taimakawa nama ya saki. Kaɗan fa, don in ta yi yawa ƙashin take ci. Duk rabin awa a ciro, a kankare abin da ya yi laushi, a mayar. Ƙaho kada ya nutse a ruwan zafi. Ya fi sauri, amma ni dai ban taɓa ganin na tukunya ya kai na jiƙo kyau ba.

A manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka wani ƙwaro suke kiwo musamman don ya cinye naman ƙashi. Mun san shi sarai: shi ne mai ɓata wa masunta busasshen kifi a Lagdo da bakin tafkin Cadi. Yana aiki tsaf, amma kada ka jawo shi gida, don fata da kilishi da buhun kifi duk abincinsa ne.

Mataki na uku: ƙaho

Ƙahon mazo ko na rago kube ne, a cikinsa akwai ƙashi da ya tsiro daga goshi. Tsakanin kuben da ƙashin akwai nama mai jini, wanda in an bar shi zai yi ta wari shekara guda. Bayan kwanaki a jiƙo, kama ƙahon ka murɗa a hankali ta bin yadda ya lanƙwasa, zai zame ya fito. In ya ƙi, ƙara masa kwana biyu, kada ka sa ƙarfi. Wanke cikinsa da sabulu, ka shanya a inuwa, ka yi wa na dama alama don kada su rikice maka. Daga nan kuben ya gama da ruwa, ajiye shi gefe.

Mataki na huɗu: fitar da maiƙo

Idan nama ya gama saki, ɗauraye kan, ka bi lungunan da buroshi da waya. Zai fito ruwan toka ko rawaya-rawaya, wani lokaci har da baƙi. Kada ka damu da launin tukuna.

Zuba ruwa mai ɗumi a bokiti mai tsabta, ka matsa sabulun wanke kwanoni har ya yi kumfa, ka nutsar da kan, ka rufe, ka mayar rana. Bayan kwana uku za ka ga ruwan ya yi duhu, maiƙo na yawo a sama. Zubar, sake sabo. Haka za ka yi ta yi, har ruwan ya kwana uku bai sauya ba.

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma kowa ke son tsallakewa, don ido ba ya ganin wani abu na faruwa. Naman daji mara kitse yakan gama a mako biyu ko uku. Ragon da aka yi wa turka, wanda ya sha dusa da harawa, yana iya cin wata biyu. Ga yadda ake ganewa: ciro kan, bar shi ya bushe kwana biyu, ka ɗaga shi ga haske. Duk inda ka ga tabo mai duhu kamar an ɗiga man gyaɗa a takarda, musamman a ƙeya da gindin ƙaho da kusurwar muƙamuƙi, maiƙo ne. Shinshina kuma, in akwai ƙarni, mayar da shi ruwa. Muƙamuƙin ƙasa akwai ɓargo a cikinsa. Da akwai ɗan rami ta ciki kusa da kusurwa, ɗura ruwan sabulu ta nan da sirinji.

In ka shafa maganin fari a kan ƙashi mai maiƙo, zai yi fari na ɗan lokaci. Zafin bazara na dawowa, kitsen zai narke ya taso, ka wayi gari kan ya koma rawaya yana kama ƙura.

Mataki na biyar: fari

Kawu rana kawai yake shanya nasa, kuma tana farar da ƙashi, sai dai in ya daɗe a cikinta yakan tsattsage. Ruwan oksijene ya fi. A farmasi za ka ga an rubuta eau oxygénée a jikin kwalba. Mai lamba 10 ƙarfinsa kashi 3 cikin ɗari ne, shi ake wanke ciwo da shi. Masu gyaran gashi suna da mai kauri, lamba 30 kashi 9 ne, lamba 40 kashi 12.

Da mai lamba 10, nutsar da kan a roba kwana ɗaya zuwa uku, kana dubawa. In bai isa ya rufe shi ba, lulluɓe ƙashin da auduga, ka jiƙe ta sharkaf, ka sa a leda. Mai kaurin kuwa da buroshi ake shafa shi, a naɗe da leda, a bari ya kwana. Sa safar hannu, ka kiyayi idonka, don mai ƙarfin yana ƙona fata. Kada a zuba shi a kwanon ƙarfe, ƙarfe na kashe masa ƙarfi. Kada kuma a toshe murfi gam, yana fitar da iska. Idan ƙahon dabbar bai fita ba, naɗe gindinsa da leda da kyau, don duk inda ruwan ya taɓa zai kwashe launin.

Jefa haƙoran su ma na 'yan awanni. Ni ina tsayawa idan ƙashi ya kai farin madara, don farin da ya wuce haka yakan sa kan ya yi kama da na roba. Ka tuna zai ƙara haske in ya bushe.

Javel kuwa, ko ɗigo kada ka sa. Yana cinye sinadarin da ke riƙe ƙashi, kuma ko an ɗauraye yana ci gaba da ci daga ciki. Shi ya mayar da kan gadata gari.

Mataki na shida: haɗawa da ratayewa

Ɗauraye sosai, ka shanya a inuwa mai iska kwana uku ko huɗu. Sannan ka zauna da gwangwanin haƙora. Kowane haƙori raminsa kaɗai yake shiga daidai, gwada kafin ka sa gam. Ɗigo ɗaya ya isa. Muƙamuƙin ƙasa yakan rabu biyu a haɓa, manna shi ka ɗaure da zare ya kwana. Mayar da kuben ƙaho, ka goge shi da tsumma mai ɗan man kaɗe har ya yi sheƙi. Ƙashin kansa ba a shafa masa mai, ba a yi masa fenti.

Ba wa kafinta ya yanko maka katako mai duhu, irin maɗaci, farin ya fi fitowa a kansa. Ba sai an huda ƙashi ba: zura waya ta ramin ƙeya, ka ɗaure ta a bayan katakon. Rataye shi inda rana ba ta dukansa, nesa da hayaƙin murhu da bangon da ke jiƙa da damina. Da hunturu ka riƙa kaɗe masa ƙura da busasshen buroshi mai laushi. Kana yi kana duba ƙaho, domin akwai wata tsutsa mai cinsa, alamarta 'yan ƙananan ramuka da gari a ƙasa. Da ka gani, sauke kan, ka sa shi a leda, ka fesa maganin ƙwari, ka ɗaure bakin ledar mako guda kafin ka mayar da shi bango.