Yadda za ka tsara ziyarar kwana uku ko huɗu a New Orleans, mahaifar kiɗan jaz

New Orleans tana kudancin Amurka, a jihar Louisiana, daidai inda kogin Misisipi ya yi lanƙwasa kafin ya faɗa teku. Faransawa ne suka kafa ta a 1718, Sifaniyawa suka riƙe ta kusan shekara 40, sannan Amurka ta saye yankin a 1803. Kusan duk abin da baƙo ke zuwa nema, wato tsohon gari da kogi da kiɗa da abinci, yana cikin ɗan yankin da ake iya takawa a ƙafa, don haka kwana uku ko huɗu sun wadatar. Abu biyu ne ke gyara tafiyar ko su ɓata ta: ranar da ka zaɓa da unguwar da ka sauka.

Zaɓen lokaci

Daga Oktoba zuwa farkon Disamba, da kuma Maris zuwa Afrilu, su ne lokutan da gari ke da daɗin yawo. Daga Yuni zuwa Satumba zafi yakan kai digiri 32 ko 33. Wanda ya saba da zafin Sakkwato zai raina wannan adadi, amma zafi ne mai laima, gumi ba ya bushewa a jiki, tafiyar rabin awa sai ta jiƙa maka riga sharkaf. Lokacin mahaukaciyar guguwa kuma yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga Agusta zuwa farkon Oktoba. Guguwar Katrina ta 2005, wadda ruwanta ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, ranar 29 ga Agusta ta sauka, haka ma Ida a 2021. In dole ce ta sa ka tafiya a watannin nan, ɗakunan otal sun fi araha, amma ka kama ɗakin da za a iya sokewa ba tare da asara ba.

Duba kalandar bukukuwa kafin ka sayi tikiti. Mardi Gras, babban bikin jerin gwano na birnin, ba ta da tsayayyar rana, tana faɗawa tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris, kuma a makonni biyun da ke gabanta ana rufe manyan tituna, kuɗin otal ya ninka, wasu ma ba sa ba da ɗaki sai na kwana uku ko huɗu a jere. Babban bikin jaz, wanda aka fara a 1970, yana cin ƙarshen makon ƙarshe na Afrilu da na farkon Mayu. Ga mai zuwan farko da kiɗa ya kawo shi, mun fi ba da shawarar French Quarter Festival da ake yi a Afrilu: kyauta ne, a fili ake yi, kuma yawancin makaɗan 'yan gari ne. Ko wane wata ka zaɓa, ka tabbata akwai Lahadi a cikin kwanakinka.

Isa garin da masauki

Mai fasfon wata ƙasar Afirka ya fara da shafin ofishin jakadancin Amurka kafin ya biya ko sisi, domin dokokin biza sun sha canzawa tun daga 2025, kuma sun taɓa ƙasashen Afirka da dama. Babu jirgi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa New Orleans. Za ka fara sauka a wani birni kamar Atlanta ko New York, a can ake buga maka hatimi, ka ɗauki jakarka ka bi ta kwastam, ka sake miƙa ta. Bar aƙalla awa uku tsakanin jiragen biyu. Kilishi da dambun nama kuma a bar su gida. Ba a yarda da shigo da su ba, kuma ɓoye su na iya jawo tara.

Filin jirgin Louis Armstrong yana garin Kenner, tafiyar minti 25 zuwa 40 daga tsakiyar birni. Tasi na da tsayayyen farashi zuwa tsohon gari, dala 36 zuwa 40 ga mutum ɗaya ko biyu. Bas mai lamba 202 ta fi araha nesa ba kusa ba. Kada ka yi hayar mota. Titunan tsohon gari matsattsu ne, kuma ajiye mota a otal kan ci dala 40 ko fiye a kowane dare.

Tsohon garin shi ake kira French Quarter, ko da yake yawancin gine-ginensa masu baranda na zamanin Sifaniyawa ne, saboda gobarar 1788 da ta 1794 sun cinye na Faransawan. Sauka a cikinsa yana da daɗi in ka kauce wa titin Bourbon. Titin nan na mashaya ne, hayaniyarsa tana kaiwa asuba, kuma jaz ɗin da ke cikinsa kaɗan ne. Nemi ɗaki wajen titin Chartres ko Royal ta ɓangaren Esplanade, ko a unguwar Marigny, ko ka tsallaka titin Canal zuwa unguwar ofisoshi inda manyan otal suka fi sauƙi. Farashin da ka gani a intanet sau da yawa bai haɗa da haraji ba, wanda kan ƙara kusan kashi 15 cikin 100, kuma otal zai riƙe wani kuɗi a katinka har ranar da ka fita.

'Yan garin ba sa kwatance da gabas da yamma, saboda lanƙwasar kogin ta karkata titunan. Sai dai su ce wajen kogi ko wajen tafki, sama ko ƙasa. Taragon lantarki ne abin hawanka: kore yana bin titin St. Charles, layin da ke aiki tun 1835, ja kuma yana bin Canal zuwa City Park. Shiga ɗaya dala 1.25, tikitin yini guda dala 3, ana sayensa ta manhajar Le Pass. Direba ba ya ba da canji. Taragon ba ya sauri, kada ka dogara da shi in kana da tikitin wasa mai ƙayyadadden lokaci.

Yadda ake jin kiɗan

Tsara yininka daga dare zuwa baya. Fara sanin inda za ka ji kiɗa, sannan ka cike rana. Gidan rediyon WWOZ, a mita 90.7 FM, yana wallafa jerin wasannin kowace rana a shafinsa, da sunan wuri da lokaci.

Daren farko na Preservation Hall ne, a lamba 726 titin St. Peter. Tun 1961 ake kaɗa tsohon salon jaz a ɗakin. Ƙarami ne, bencina ne na katako, wasu a tsaye, wasu a zaune a ƙasa dab da ƙafar mai busa. Wasa ɗaya kusan minti 45 ne, ba a sayar da giya, ana shiga da yara. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuwa bakin ƙofa ba tikiti. Saya ta intanet kwanaki kafin ranar.

Dare na biyu ka nufi titin Frenchmen a Marigny, inda Spotted Cat da Snug Harbor da Blue Nile suke kusa da juna. Yawancinsu mashaya ne, sai mai shekara 21 ke shiga, kuma akan nemi katin shaida ko da furfura a kanka, don haka riƙe fasfo. Inda aka ce sai ka sayi abin sha, lemo ya wadatar. Snug Harbor ya fi dacewa da mai son zama ya saurara a natse, da tikiti. Wanda ba ya son shiga irin wuraren nan bai yi asara ba: mabusa kan tsaya a kusurwar titin da daddare, da rana kuma akwai makaɗa a titin Royal da dandalin Jackson. Riƙe takardun dala 1 da dala 5. Bokitin da ke gaban makaɗan nan shi ne albashinsu, duk wanda ya tsaya ya saurara ko ya ɗauki bidiyo ya kamata ya jefa wani abu.

Lahadi ita ce babbar rana. Daga ƙarshen Agusta zuwa Yuni, kusan kowace Lahadi wata ƙungiyar taimakon juna ta baƙar fata kan fito da jerin gwano da ake kira second line: mabusa da 'yan ƙungiya cikin ado a gaba, jama'ar unguwa na rawa a baya, tsawon awa huɗu. WWOZ na fitar da hanyar da za a bi. Sa takalmin tafiya, ɗauki ruwa, kada ka kutsa cikin igiyar da ta kewaye 'yan ƙungiyar. Bikinsu ne, da kuɗinsu suka shirya shi. Kafin nan ka leƙa Congo Square a cikin lambun Louis Armstrong, filin da bayi 'yan Afirka ke taruwa ranar Lahadi suna kiɗa da rawa da ciniki. Da yawa daga waɗanda Faransawa suka fara kawowa daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su, kuma har yau akan buga ganguna a filin ranar Lahadi da yamma.

Rana, kogi da abinci

Gidan tarihin jaz yana tsohon ginin buga kuɗi a lamba 400 titin Esplanade, a nan aka ajiye ƙahon busa na farko na Louis Armstrong, shahararren mabushin jaz ɗan garin da aka haifa a 1901.  Maƙabartar St. Louis ta ɗaya, mai kaburbura a saman ƙasa, ba a shigarta sai da ɗan jagora. Jirgin ruwan yawon buɗe ido yana cin awa biyu, da makaɗa a ciki, amma yawancin abin da za ka gani a gaɓa tashoshin kaya ne da masana'antu. Jirgin fito daga ƙarshen titin Canal zuwa Algiers Point, unguwar da ke tsallaken kogin, dala 2 ne kacal, kuma daga can birnin ya fi kyan gani. Mai kwana na huɗu ya ba Whitney Plantation rabin yini. Tsohuwar gonar rake ce, tafiyar kusan awa ɗaya, an mai da ita gidan tarihin bauta a 2014, kuma labarin bayin ake bayarwa a wurin.

Abinci yana buƙatar lura. Jambalaya kamar dafa-duka take, amma ita da miyar gumbo da jan wake da shinkafa kusan kullum akwai tsiran alade a ciki, har gumbon da aka ce na kifi ne wani lokaci. Tambayi mai kawo abinci kai tsaye ko akwai naman alade a miyar ko a romon. Kayan zaƙi irin su bananas Foster da giya ake haɗa su. Abin da ya fi sauƙi shi ne po'boy, dogon burodi da aka cusa wa soyayyen jatan lande ko tarwaɗa, da beignet na Café du Monde, soyayyen ƙullin fulawa guda uku da aka lulluɓe da garin sukari, wanda baƙar riga ba ta shiri da shi. A gidan abinci ana barin tukuicin kashi 18 zuwa 20 cikin 100. Mai neman sallar Juma'a akwai masallacin Rahim a unguwar Tremé, kusa da tsohon gari, da na Abubakar Siddiƙ a Metairie, garin da ke maƙwabtaka da birnin.

Da dare ka bi titunan da ke da haske da jama'a, in ka wuce ƙarfe 11 ka kira mota maimakon yanke hanya ta lungu. Duba ƙasa kana tafiya, saiwoyin itatuwa sun tayar da daɓen gefen titi a wurare da yawa. Akwai kuma wata tsohuwar damfara a tsohon gari: mutum zai tare ka ya ce ku yi caca zai faɗi inda ka samo takalminka, in ka amsa sai ya ce ai ga su nan a ƙafarka, ya fesa musu man gogewa ya nemi kuɗi. Kada ka tanka masa, ci gaba da tafiyarka.