Kurakuran da aka fi yi wajen sa man tsirrai a filastar magani

Filastar magani ita ce wadda ake manna wa fata don maganin ya ratsa ta ya shiga jiki. Shingen da magani ke fama da shi a fata shi ne ɓawonta na waje, mai kaurin maikiromita 10 zuwa 20 (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), inda maiƙo ya cike tsakanin matattun ƙwayoyin halitta. Aikin man tsirrai shi ne ya sassauta maiƙon nan na ɗan lokaci.

Kuskuren farko, a zaɓen maganin ake yinsa. Wanda nauyin ƙwayar sinadarinsa (molekul) ya wuce dalton 500 (dalton shi ne ma'aunin wannan nauyi), ko wanda ake buƙata da yawa a yini, da wuya mai ya ƙetarar da shi.

Sai zaɓen man. Limonin na ɓawon lemo ya fi dacewa da magani mai narkewa a maiƙo. Mentol na na'a-na'a da siniyol na itacen turare sun fi taimaka wa mai son ruwa. Man gyaɗa da na zaitun kuwa, asid ɗin oleyik da ke cikinsu a ɗaure yake da wani sinadari mai suna gilisarol, don haka ba sa kai tsantsar asid ɗin aiki.

Wanda ya fi ɓata aiki shi ne cika mai. Idan ya yi yawa, maganin sai ya narke sosai a cikin danƙon filastar har ya ƙi barinsa ya shiga fata. Danƙon ma yakan yi laushi, ya malalo ta gefe, filastar ta ɓalle, ga kuma ƙunar fata, musamman da man kanumfari. A gwada kashi 1, 2.5, 5 da 10 cikin ɗari, a tsaya a mafi ƙarancin da ya biya buƙata.

Akwai kuma man da ke gudu wajen busar da filastar a tanda. An auna kashi 5, amma zafin tanda ya kwashe wani abu. A rage zafin, a sake auna abin da ya saura a busasshiyar filastar. A rufe ta cikin jakar alminiyom, domin leda na tsotse man, iska kuma na mayar da limonin abin da ke jawo borin fata.

Wajen gwaji, fatar ɓera ta fi ta mutum saurin wucewa, tana ruɗin mai bincike. A yi amfani da ta kunnen alade ko ta mutum, a na'urar Franz mai auna yawan maganin da ya ratsa fata, a zafin digiri 32 na Salsiyos, tare da filastar da ba mai don kwatance. Gwajin ajiya na gaggawa kuwa, wato na ganin ko filastar za ta jure ajiya, wata 6 ne, a digiri 40 da laima kashi 75.