Yadda za a ci Kirsimeti ba tare da an shiga Janairu da bashi a wuya ba

Hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari, teloli a Zuru sun fara kwana a shago, kaga kuwa Disamba kenan. Abin da ke damuna duk shekara shi ne yadda muke biki na kwana biyu sannan mu yi wata uku muna biyansa. Ni ma na taɓa faɗawa, shekarar da na ci bashi a irin manhajar nan ta waya don ɗinki da kaji, da lokaci ya wuce sai suka riƙa tura saƙo ga mutanen da ke cikin wayata har da dattawan ikilisiya. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Tun daga nan muka canza tsari a gidanmu.

Kafin ka sayi ko ashana, ware kuɗin makarantar yara na Janairu ka ajiye inda hannu ba zai kai ba. Ku zauna kai da maiɗakinka ku rubuta abin da ya rage, shi ne kuɗin biki, ba wanda kuke sa ran wani ɗan'uwa zai turo daga Abuja ba.

Sannan dan Allah kada ka buɗe rumbu. Da kaka hatsi ya fi araha saboda kowa na fitarwa kasuwa, sai kaga mutum ya sayar da buhun dawa uku don atamfa da takalmi, damina na tsakiya kuma ya dawo yana awo da tsada, dawar tasa ce fa aka ɓoye ake sayar masa. In ya zama dole, sayar da akuya ɗaya ya fi.

Maganar anko kuwa, nan ne mata muke shan wuya. Zumuntar Mata ta ikilisiya ta fitar, mawaƙan ikilisiya sun fitar, dangi ma sun fitar, ga na unguwa. Zaɓi ɗaya ki ce da sauran bana ba hali, ba wanda zai kore ki daga sujada don kin sa zanin bara. Yara a ɗinka musu kala ɗaya tun farkon wata kafin tela ya ƙara kuɗi. Nama kuma a shiga watanda, gida goma su haɗa su sayi sa a raba kashi kashi.

Abin da ya fi min duka shi ne daren 24 ga wata. A kashe talabijin, a kife wayoyi, domin hotunan Facebook ɗin nan su ke sa mutum ya raina abin da Allah ya ba shi. A buɗe Luka sura 2 wani yaro ya karanta da ƙarfi. Za ku ji an kwantar da Mai Ceto a komin dabbobi don babu wuri a masauki. Ku ci gaba har aya 24, inda Yusufu da Maryamu suka kai hadayar tsuntsaye biyu a Haikali, to a Littafin Firistoci 12:8 wannan hadaya ce ta wadda ba ta da halin ɗan rago. Duk lokacin da na karanta wurin nan zuciyata takan kwanta, iyayen Yesu ma abin da suke da shi suka kai, kuma Allah ya karɓa. Begenmu a kan yaron nan yake, Immanuwel, Allah tare da mu, ko tukunya ta cika ko ba ta cika ba.

Ranar 25 ki ƙara mudu ɗaya na shinkafa. A kai kwano gidan maƙwabta Musulmi yadda suke kawo mana naman layya da babbar salla. Kuma ku duba cikin ikilisiya, akwai waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Danko-Wasagu da Sakaba, suna zaune a ɗakin aro, wasu ko girbi ba su yi ba. Kada a aika musu abinci a leda kawai, ku je da kanku ku ce su zo gida a ci a tire ɗaya. Bara wata baba da jikokinta biyu suka wuni a wurinmu, bayan an ci ta tayar da waƙar Kirsimeti da C'lela, yaren mutanen Zuru, yarana ba su iya ba ta zauna tana koya musu har magariba.