Yadda Za Ka Yi da Saƙonka da Fushinka Idan Ma'aikatan Gidan Waya Sun Shiga Yajin Aiki

Duk wanda ya taɓa zuwa babban gidan waya na Jos da ke kan titin Ahmadu Bello ya tarar da ƙofa a garƙame, ya san irin maganganun da ke tashi a bakin ƙofar. Wani zai ce dama me suke yi da har za su yi yaji, tunda kowa ya koma WhatsApp. Wata za ta ce a kore su a ɗauki matasan da ke yawo da takardun digiri. Can gefe kuma akwai dattijon da ya yi shiru riƙe da ambulan, domin a ciki akwai takardun da ake jira a Abuja kafin ƙarshen mako. Wannan dattijo nake so in yi wa bayani, shi da 'yan kasuwar da ke tura kaya ta gidan waya, da ɗaliban da ke jiran takardun makaranta, da masu dakon saƙo daga 'yan uwa a ƙasashen waje.

Da farko ka tabbatar da irin yajin da ake yi, domin matakin da za ka ɗauka ya dogara ne a kansa. Yajin aikin gargaɗi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, sau da yawa kwana biyu ko uku, kuma haƙuri kawai yake buƙata. Yajin sai baba ta gani ba shi da wa'adi, shi ne ke tilasta wa mutum neman wata hanya. Akwai kuma wanda rikicinsa bai taso daga gidan waya ba, wato lokacin da uwar ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin gama-gari, ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta suka bi umarni. Haka ya faru ranar Litinin 3 ga Yunin 2024, sa'ad da manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC da TUC, suka tsayar da ayyuka a kan mafi ƙarancin albashi, har aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, sannan aka dakatar da yajin washegari. Wanda ya yi gaggawar kashe kuɗi mai yawa wajen tura saƙo ta wata hanya a wannan Litinin ɗin, da ya jira zuwa Laraba da bai yi asarar ba.

Ƙananan ma'aikatan NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, suna cikin NUPTE, ƙungiyar ma'aikatan gidan waya da sadarwa, wadda ke ƙarƙashin NLC, saboda haka sanarwar waɗannan ƙungiyoyi da ta hukumar ita kanta su ne abin dogaro, tare da labaran rediyo da jaridun da ka amince da su. Saƙon murya da ake yawo da shi a waya ba hujja ba ne. Yajin aiki a wannan fanni kuma ba ya faɗowa daga sama. Dokar sasanta rikicin ƙwadago ta Najeriya ta sanya aikin gidan waya cikin muhimman ayyukan da jama'a ba sa iya rayuwa ba tare da su ba, ta kuma wajabta wa ma'aikatan irin waɗannan ayyuka ba da sanarwar kwana 15 kafin su ajiye aiki. A aikace ƙungiyoyi kan ba gwamnati wa'adin kwana 7 ko 14 ko 21, kuma kafafen yaɗa labarai suna ɗauka. Ranar da ka ji an ba da wa'adi, ranar ce ya kamata ka fara shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Shirin kansa ba shi da wahala. Idan kana da akwatin gidan waya, je ka kwashe abin da ke ciki. Idan an aiko maka da takardar cewa ƙunshin kayanka ya iso, ka ɗauki katin shaidarka ka je ka karɓa a ranar, musamman idan kayan daga waje suka zo kuma sai jami'an kwastan sun duba su. Abin da kake shirin aikawa kuwa ka kasa shi gida biyu: wanda zai iya kwana a hanya har wata guda ba tare da wata illa ba, da wanda yake da ranar da dole ya isa. Na farkon ka iya tura shi ko ka ajiye. Na biyun kada ka miƙa shi a kwanakin ƙarshe na wa'adi, domin saƙon da ya shiga buhu ya bar Jos ba ka da ikon dawo da shi, zai tsaya ne a inda yajin ya riske shi.

Idan yajin ya fara alhali saƙonka yana hanya, rasit ɗinka shi ne dukiyarka. Wasiƙar rajista da saƙon gaggawa na EMS suna da lambar bibiya mai gurbi 13: haruffa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, sai haruffa biyu na ƙasar da aka aiko daga cikinta, wato NG idan daga Najeriya ne. Ka ɗauki hoton rasit ɗin da waya tun ranar da aka ba ka, domin rubutun irin wannan takarda yana dusashewa. Ka shigar da lambar a shafin bibiya na intanet ka ga inda aka yi wa saƙon rajista ta ƙarshe, ka kuma rubuta ranar. Idan bayanin ya tsaya cak na tsawon kwanaki kada hankalinka ya tashi, domin masu shigar da bayanin su ne ba sa bakin aiki, kayan kuma suna kulle a ɗakin ajiya. Bisa ƙa'idar ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a 1874 kuma take da hedikwata a birnin Bern na Switzerland, mai wasiƙar rajista zuwa wata ƙasa yana da wata shida daga lokacin aikawa don ya shigar da buƙatar a bincika masa. Diyya galibi a kan ɓatan kaya ko lalacewarsu ake biya, jinkiri kaɗai ba kasafai yake kawo ta ba, don haka kada ka gina lissafinka a kanta.

Mataki na gaba, wanda mutane suka fi sakaci da shi, shi ne sanar da wanda ke jiran saƙon. Makaranta ce, ko ofishin fansho, ko lauya, ko kamfanin da ka nemi aiki, ka rubuta musu tun kafin ranar ta cika, ka haɗa da hoton rasit da hoton takardun da ka tura, ka nemi a karɓi kwafin kafin na ainihi ya iso. Wanda ya yi magana kafin wa'adi ya fi samun uzuri a kan wanda ya zo da bayani bayan an rufe. Idan maganar kotu ce, kada ka ɗauka cewa yajin aiki ya tsayar da ƙidayar kwanaki, ka kira lauyanka a ranar.

Sai batun wata hanyar aikawa. Kamfanonin aika saƙo masu zaman kansu irin su DHL da Red Star Express da GIG suna aiki ko gidan waya yana rufe, amma kuɗinsu ya fi yawa, musamman zuwa ƙasashen waje. Su ne suka dace da fasfo, da takardun shaidar karatu na ainihi, da duk abin da ba a iya sake samunsa cikin sauƙi. Ƙananan masu aika saƙo a kan babur sun yi yawa a Abuja, kuma doka ta ce sai da lasisin NIPOST ake wannan sana'a, saboda haka ba laifi ka tambaya kafin ka miƙa kayanka. Hanyar da mutanenmu suka fi sabawa da ita ita ce ta tasha: a je tashar Bauchi Road da ke Jos a ba direban da zai bi ta Akwanga da Keffi, kafin yamma saƙo ya sauka Jabi ko Utako a Abuja. Tana da sauri da sauƙin kuɗi, kuma na yarda da ita ga buhun dankalin Turawa ko atamfa ko kayan gyaran mota. Amma ka bi ta ofishin ƙungiyar direbobi a rubuta saƙon a littafi, ka karɓi lambar wayar direba da lambar motar, ka tura wa mai karɓa, ka kuma tabbatar yana tasha kafin motar ta iso. Takardar shaidar digiri ta ainihi kuwa ba zan ba kowa shawarar ya saka ta a ƙarƙashin kujerar direba ba, gara mutum ya shiga motar da kansa.

Masu jiran kaya daga waje su lura cewa yajin da zai riƙe saƙonsu yana iya kasancewa a can ne. A Kanada ma'aikatan gidan waya kimanin 55,000 sun ajiye aiki daga 15 ga Nuwamban 2024, ba su koma ba sai 17 ga Disamba bayan gwamnati ta sa baki, har gidan wayar Amurka ya daina karɓar saƙon da za shi Kanada a lokacin. A Birtaniya ma'aikatan Royal Mail sun yi kwanaki 18 na yaji a 2022, wasu daga ciki ana dab da Kirsimeti. Idan ɗan uwanka ya ce ya aiko kuma shiru, ka karɓi lambar bibiya ka duba ko kayan sun ma bar ƙasar, kafin ka je ka tayar wa ma'aikacin Jos hankali a kan abin da bai iso Legas ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato yadda muke magana a kan waɗannan mutane. Fushin wanda takardarsa ta maƙale halal ne, kuma ba na neman kowa ya haɗiye shi. Abin da nake roƙo shi ne kada a bar jaki ana dukan taiki. Matar da ke zaune a bayan kantar gidan waya tana sayar da kan sarki ba ita ke tsara kasafin kuɗin hukuma ba, ba ita ke sayen motocin ɗaukar saƙo ba, ba kuma ita ke yanke ranar biyan alawus ba. A kasuwar Terminus ɗaya muke cefane da ita, kuɗin mota ɗaya muke biya. Doka ta ba mai ɗaukar aiki damar riƙe albashin kwanakin yaji, abin da ake kira ba aiki ba albashi, don haka ma'aikacin da ya zauna a gida ya san abin da ya saka a cikin haɗari. Kafin ka yanke hukunci ka nemi jerin buƙatunsu ka karanta. Idan bashin haƙƙoƙin da aka riga aka yi alkawari ne, sai ka tambayi kanka wata nawa kai za ka iya yin aiki a haka. Idan kuma ka ga buƙatar ba ta da tushe, kana da 'yancin faɗi, kuma maganarka za ta fi nauyi domin ka karanta.

Masu cewa gidan waya ya mutu suna manta wanda ke amfani da shi. Mai hali a Maitama yana da kamfanin da zai zo har gida ya ɗauki saƙonsa. Mutumin ƙauye a ƙaramar hukumar Wase ko Kanam, da ƙaramar 'yar kasuwar da ke son tura kayan saƙa zuwa waje a kan kuɗin da ba zai cinye ribarta ba, su ne suke dogara da wannan hukuma, wadda aka kafa a 1985 lokacin da aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, ɗaya ya zama NIPOST ɗaya NITEL. Mun ga yadda NITEL ta ƙare. Tarihi kuma ya nuna cewa ra'ayin jama'a yana da tasiri a irin wannan dambarwa. A yajin gama-gari na 1945, wanda ya fara a watan Yuni ya kuma ɗauki sama da mako shida, ma'aikatan gidan waya da tangaraho sun bi sahun na jirgin ƙasa a ƙarƙashin jagorancin mutane irin su Michael Imoudu suna neman alawus na tsadar rayuwa, 'yan kasuwa da sauran jama'a suka tallafa musu, daga baya gwamnatin mulkin mallaka ta kafa kwamitin bincike aka ƙara kuɗin. Gwamnati tana sauraron abin da ake faɗi a titi kafin ta yanke shawarar ko za ta zauna a teburin sulhu ko za ta ja lokaci.

Saboda haka ka kai kokenka inda zai yi aiki. Ka rubuta gajeriyar takarda mai ɗauke da lambar saƙonka, da ranar aikawa, da asarar da jinkirin ya jawo maka, ka aika wa shugaban gidan waya na jiha da hedikwatar hukumar a Abuja, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar sadarwa ta tarayya. Ka ba ɗan majalisarka na tarayya kwafi, domin su ne ke amincewa da kasafin kuɗi. Idan ka kira shirin rediyo, ka faɗi abin da ya same ka dalla-dalla, ka nemi ɓangarorin biyu su faɗi ranar da za su zauna. Idan ka tarar da 'yan ƙungiya sun tare ƙofa, kada ka yi yunƙurin kutsawa, kada kuma ka nemi wani ma'aikaci a ɓoye ya fito maka da kaya ta ƙofar baya a kan ɗan abin goro, domin za ka jefa shi cikin matsala da hukuma da abokan aikinsa, kai kuma ba ka da wata shaida idan kayan suka salwanta.

Ranar da aka janye yaji, kada ka zaci komai zai daidaita nan take. Buhunan da suka taru a cibiyoyin rarraba saƙo sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma sababbin saƙonni suna shigowa a kansu. Ka ba da kwanaki kaɗan, ka riƙa duba lambar bibiya, sannan ka je da safe riƙe da rasit da katin shaida. Idan ƙunshin ya zo a yage ko a jiƙe, ka buɗe shi a gaban ma'aikacin, ka ɗauki hoto, ka nemi a rubuta halin da ka same shi kafin ka sa hannu a littafin karɓa.