Kurakuran da Masu Jego Ke Yi Wajen Komawa Motsa Jiki

In kika tambayi mace mai jego abin da take so ya fara komawa daidai a jikinta, tumbi za ta nuna miki. Shi ido ke gani, shi ke hana siket zugewa. Daga nan kuskuren farko ke tasowa, domin wurin da ya fi shan wahala a wata taran nan madubi ba ya nuna shi.

A ƙasan ƙugu akwai tsokoki a shimfiɗe kamar raga, su ke tallafe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Sun ɗauki nauyin ciki har ya tsufa, in kuma da kanki kika haihu, sun miƙe iya miƙewarsu. Ko aiki aka yi miki, nauyin cikin kaɗai ya isa ya gajiyar da su. Wata ƙawata ta ɗauki igiyar tsalle a mako na uku da haihuwarta. Ba ta kai tsalle ashirin ba ta ji wandonta ya jiƙe, washegari kuma jinin biki da ya fara yin fari-fari ya dawo ja wur. Ta ajiye igiyar tana cewa dama haka haihuwa ke barin mace. Wannan maganar ita ce ta fi ba ni haushi. Ɗigar fitsari in an yi tari ko atishawa ko dariya yana samun mata da yawa bayan haihuwa, amma yana da gyara, kuma ba a zama da shi.

Gyaran shi ne matse tsokokin, atisayen da ake kira da sunan Arnold Kegel, likitan mata na Amurka da ya bayyana shi a 1948. Ki kwanta ko ki zauna, ki yi kamar kina riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ki ja sama zuwa ciki. Ki riƙe daƙiƙa uku zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya, ki maimaita sau goma, sau uku a rana. A hankali ki kai riƙon daƙiƙa goma. Ana iya farawa tun kwanakin farko, da zarar an cire robar fitsari in an sa miki. A nan ma akwai inda ake kuskurewa: wata ta matse ɗuwawu da cinyoyi ta ɗauka ta yi, wata ta ɗauke numfashi har fuskarta ta canza, wata kuma nishi take yi ƙasa kamar mai naƙuda, wanda shi ne akasin abin da ake nema. Kada kuma ki mai da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama atisayenki, yana iya hana mafitsara zubar da komai. Sai an jure kamar wata uku kafin a ga bambanci sosai, kuma wasu tun kafin lokacin suke yin watsi da shi.

Mu koma kan tumbin. Mahaifa tana kai kusan kilo ɗaya a ranar haihuwa, kuma sai wajen mako shida take komawa girmanta na da. Kenan wani ɓangare na abin da kike gani babu atisayen da zai taɓa shi, lokaci ne maganinsa. Ɗaya ɓangaren kuwa tsokoki biyun nan ne da suka sauko daga ƙirji zuwa mara, waɗanda ciki ke raba su gida biyu. Ki duba da kanki: kwanta rigingine, ki tanƙwara gwiwoyi, ki ɗora yatsu a saman cibiya, sannan ki ɗan ɗaga kai. Za ki ji gefen tsokokin sun taɓa yatsunki. In ramin ya ci yatsu biyu ko fiye, ko kika ga tsakiyar cikin ya yi tudu kamar kunya a gona duk sanda kika yunƙura, to atisayen kwanciya ana tashi zaune bai zama naki ba tukuna. Tura cikin waje yake yi. Ki fara da numfashi: ki shaƙa, sannan yayin fitarwa ki ja mararki ciki a hankali tare da matse tsokokin ƙasan ƙugu. In za ki tashi daga gado, ki mirgina gefe ki dogara da hannu. Ramin da ya ƙi raguwa bayan mako takwas, a kai shi wurin likitan gashin ƙashi.

Bel ɗin matse ciki kuwa, in mai laushi ne yana sa wasu jin daɗin tafiya bayan aiki. Amma wanda ake ɗaurewa tamau har numfashi na sarƙewa ƙasa yake tura kayan ciki, kan tsokokin da dama a gajiye suke, kuma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi ko kaɗan.

Akwai masu ɗaukar duban mako shida a matsayin lasisin komai. Likita ta ce ɗinki ya warke, washegari mace ta fita gudu. Warkewar fata daban, dawowar ƙarfi daban. Wasu ƙwararrun masu gashin ƙashi a Birtaniya sun fitar da jagora a 2019 da ya ce kada a koma gudu kafin wata uku. Kafin ki fara, ki gwada: tafiyar minti 30, tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa goma, sassarfa a wuri ɗaya minti guda, tsalle goma da kowace ƙafa. In kin ji zafi, ko ɗigar fitsari, ko wani nauyi kamar abu zai faɗo ta gaba, da saura. Wadda aka yi wa aiki ta tuna babbar tiyata aka yi mata, kada ta ɗaga abin da ya fi jaririnta nauyi a makonni shidan farko. Bokitin ruwa cike da kwandon wanki duk suna cikin lissafi.

Kishiyar wannan ita ce mai kwanciya ba motsi. Makonni shidan farko ne lokacin da haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa ya fi yawa, kuma ɗan zagaye a ɗaki tun ranar farko ko ta biyu yana rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba masu jego shawarar minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Wannan inda za a kai ne a hankali, minti biyar ko goma ake farawa da su.

Sai masu rage cin abinci don su rame da wuri alhali suna shayarwa. Jiki mai ɗinke rauni yana kuma haɗa nono ƙarin abinci yake nema. Tsoron cewa motsa jiki na ƙafar da nono ma ba shi da tushe in dai matsakaici ne kuma kina ci kina shan ruwa. Ki shayar kafin ki fara don ƙirji ya yi sauƙi, ki sa rigar mama mai riƙewa da kyau.

Wasu alamu kuma ba na jira ba ne, asibiti ake tafiya nan take: jinin da ke jiƙe audugar mata cikin awa ɗaya ko yake fitowa guda-guda manya, zazzaɓi, ruwa mai wari, ɗinki ya kumbura ko ya buɗe, sharaɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, da ciwon kai mai tsanani tare da gani dishi-dishi, domin hawan jinin ciki yana iya tasowa ko bayan an haihu.